A Yi Wa Raguna Rumfa A Kara

Ran wata kasuwa cikin bazarar da ta wuce na shiga kara a wani gari na wajenmu, ba don sayen kome ba, sai don in ji yadda kuɗin tumaki ya ke. Wajen ƙarfe ɗaya ne na rana. Na tarad da mutane sun kewaye wani Balami fari sol, irin wanda in ya miƙe ya kan kai wa mutum ƙugu. Yana kwance, baki buɗe, harshe waje, yawu na zuba, cikinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙera. Mai shi na tsaye ya rasa abin da ke masa daɗi. Wani ya ce ciwon huhu ne, wani ya ce sammu ne na abokan ciniki, wani yaro kuma ya sheƙa ya kirawo mai allura. Aka soka masa allura biyu, aka ɗaga kansa aka yi masa ɗurar ruwan kanwa. Kafin la'asar sai wuƙa, mahauta suka saye shi a kan abin da bai kai kuɗin dusar da ya ci ba. Mutumin nan kuwa wata shida ya yi yana kiwonsa a turke, da nufin ya sami na taki da na biyan bashi.

Ni dai ban ga alamar wata cuta a jikin ragon nan ba. Tun hantsi a ke ɗaure da shi da gajeriyar igiya a kan ƙasa mai ƙuna, babu itace ko ɗaya a filin, babu ruwa sai na sayarwa a jarka. Rana ce ta kashe shi, mu kuwa muna tsaye muna gardama.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan yanzu shi ne lissafin wata. Kowa ya sani Babbar Salla ta kan matso da kamar kwana 11 kowace shekara in an bi watannin Turawa. A 2024 an yi ta ran 16 ga Yuni, a 2025 kuma ran 6 ga Yuni. In aka bi lissafin nan, ta 2028 za ta faɗo farkon Mayu, ta 2029 da ta 2030 kuwa cikin Afrilu, watau tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ya kan haura digiri 40, a inuwa ma. Rabonmu da Sallar layya cikin Afrilu tun daga 1996 zuwa 1998, yawancin samarin da ke dillanci a kara yau ba su san ta ba. Zafin kuma ba raguwa ya ke yi ba: ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ku tuna kuma cinikin raguna da lodinsu a mota makonni kafin Salla a ke yinsu. Saboda haka shekarun nan da ke tafe, dukiyar dubban masu kiwon turke za ta tsaya a rana a lokacin da rana ta fi mugunta.

To, bari mu duba abin da ke gudana cikin jikin rago sa'ad da rana ta ke dukansa, domin wanda ya fahimci wannan ba ya bukatar a roƙe shi ya kafa rumfa.

Zafin jikin lafiyayyar tunkiya digiri 39 ne, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, da rani da damina. Tunkiya ba ta san tana tsare wannan adadi ba. Akwai ayyuka da yawa da jiki ke yi ba tare da mai jikin ya sa shi ba: bugun zuciya, da numfashi, da motsin tumbi, da zubowar yawu, da buɗewar hanyoyin jini da tsukewarsu, da haki, da makyarkyata. Mai kula da waɗanda suka shafi zafin jiki a cikinsu wani ɗan wuri ne a gindin ƙwaƙwalwa, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, likitoci na ce masa haifotalamas. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya taɓa shi da wuƙa bai sani ba. Nan ne labari ke zuwa daga fata cewa waje ya yi zafi ko ya yi sanyi, nan kuma a ke auna zafin jinin da ke ratsawa, daga nan umurni ke fita.

Wani masani a ƙasar Suwidin, Bengt Andersson, ya nuna haka a fili da awaki. Cikin shekarun 1950 ya ɗiga ruwan gishiri kaɗan a wurin nan na ƙwaƙwalwar akuya wadda ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai ga ta ta koma tana sha kamar wadda ta kwana uku a daji. A 1961 shi da abokin aikinsa Larsson suka ɗumama gaban wurin, akuya mai jin yunwa ta bar ci ta nufi ruwa, da suka sanyaya shi kuwa ƙosasshiya ta koma cin abinci. Ashe ragon da ya ƙi harawa da tsakar rana ba iya shege ya ke yi ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta hana shi.

Umurnin nan ta jijiyoyi ya ke tafiya, amma jijiyoyin ba a haɗe su ke kamar wayar lantarki ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara, sai ta farko ta saki wani ɗan sinadari ya haye ya taɓa ta biyu. Bari mu kira sinadaran nan 'yan aike. Wanda ya fara kama ɗan aike da hannu shi ne Otto Loewi, a garin Graz na Ostiriya, a 1921. Ya ɗauki zuciyar kwaɗo guda biyu. Ya motsa jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu, alhali ba wanda ya taɓa jijiyarta. Ɗan aiken nan shi a ke kira asitilkolin, a kansa ne Loewi da Henry Dale na Ingila suka sami kyautar Nobel a 1936. Daga baya aka gano waɗansu, cikinsu har da noradirenalin da sirotonin, aka kuma tarad da su da yawa a haifotalamas.

A 1963 Feldberg da Myers a London suka zuba 'yan aiken nan cikin ramin ƙwaƙwalwar kyanwa. Sirotonin ya sa ta makyarkyata, jikinta ya yi zafi, noradirenalin kuwa ya sauko da zafin. Aka ce an gane asirin. Sai John Bligh, a wata ma'aikatar binciken dabbobi da ke Babraham kusa da Kambirij, ya gwada a kan tumaki, abin ya fito a juye. Shi da abokansa Cottle da Maskrey suka buga sakamakonsu a 1971, bayan sun yi gwajin a ɗaki mai zafi da ɗaki mai sanyi. Sirotonin a ƙwaƙwalwar tunkiya ya kan tura ta wajen zubar da zafi: haki ya ƙaru, makyarkyata ta ragu, jiki ya yi sanyi. Asitilkolin da danginsa su kan tura ta wajen tara zafi: makyarkyata ta ƙaru, haki ya ragu. Noradirenalin shi ne abin mamaki, domin ba shi da ɓangare, duk aikin da ya tarar ana yi shi ya ke tsayarwa. A ɗaki mai zafi ya kan tsai da haki, jiki ya ƙara zafi. A ɗaki mai sanyi ya kan tsai da makyarkyata, jiki ya ƙara sanyi.

Bayan zamanin Bligh an gano 'yan aike da yawa da ke cikin wannan aiki, an kuma gano ƙofofin da ke fata masu jin zafi da sanyi. David Julius na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian, ya nuna cewa ƙofar da ke jin zafin da ya haura digiri 43 ita ce barkono ke buɗewa, shi ya sa mai cin yaji ke gumi ko da hunturu. Amma darasi biyu na gwajin tumakin nan suna nan daram, kuma sun shafe mu. Na farko, abin da ya yi wa wata dabba aiki kaza ya kan yi wa wata akasinsa, saboda haka mai ɗaukar maganin mutum ya ba rago bisa zato caca ya ke yi da dukiyarsa. Na biyu, ba a raba abin da ke cikin ƙwaƙwalwa da iskar da dabba ke tsaye a ciki. Rago ɗaya, sinadari ɗaya, amma sakamakon ya danganta ga ko yana inuwa ko yana rana.

Mutum da doki da gumi su ke sanyaya jiki. Gumin tunkiya kaɗan ne in an gwada da nasu, babbar dabararta haki ce. A inuwa da sanyin safiya ta kan yi numfashi 20 zuwa 30 a minti. In zafi ya taso sai ƙwaƙwalwa ta sa a gaggauta, baki a rufe, numfashi gajere-gajere ta hanci, har ya kai 200 ko 300 a minti. Iskar na bi ta kan danshin cikin hanci, ruwan na tashi ya tafi da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kuma ba ƙaramin aiki ba ne: lita ɗaya ta ruwa in ta tashi ta kan tafi da zafin da zai kai lita 7 ga tafasa. Wannan haki na farko ba ciwo ba ne, kada kowa ya kira mai allura a kansa. Amma fa da ruwan jikin ragon a ke yinsa. Babban rago mai cin busasshen abinci ya kan sha lita 4 ko fiye a yini, da bazara kuwa abin ya kan kusa ninkawa. Wanda aka ba rabin kwano da safe aka ɗaure shi har la'asar, daga jininsa ya ke biya.

Akwai haki na biyu, wanda Hales da Webster suka bayyana a 1967. In na farko bai isa ba, zafin jiki ya doshi digiri 41, sai ragon ya buɗe baki, ya zaro harshe, numfashin ya ragu da sauri amma ya yi zurfi, duk jiki na jijjiga. Mai kallo sai ya ce ya sami sauƙi tun da ya rage sauri, alhali kuwa nan ne haɗari ya fara. Zurfin numfashin na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, jinin ya rikice, aikin hakin kansa kuma yana ƙara zafi. In jiki ya haura digiri 42 rai na bakin ƙofa. Balamin da na gani a wannan mataki ya ke, kuma na tabbata ya yi awa biyu ko uku a na farko mutane na wucewa ta gabansa.

Haki kuma sai da busasshiyar iska ya ke ci sosai. In iska ta cika da danshi, ruwan hanci ba ya samun wurin tashi. Shi ya sa kwanakin nan na gab da saukar damina, da a ke yin gumi ba iska, sun fi wa tumaki wuya bisa busasshen zafin Maris. Shi ya sa kuma tirelar da aka cika da raguna daga Maigatari ko Illela ko Potiskum zuwa Ikko, tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko fiye, ta ke zama tarko in ta tsaya. Muddin tana tafiya iska na ratsawa. Da ta tsaya da rana a shinge ko a gareji, numfashin dabbobin da fitsarinsu su cika wurin da tururi, na tsakiya da na ƙasan bene su fara faɗuwa. Kuma kudu a ke nufa, inda iskar kanta jiƙaƙƙiya ce.

Ga wata hikima da ke cikin kan rago, wadda mutum da doki da jaki ba su da ita. Jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa, kafin ya shiga, sai ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi masu yawa kamar raga, ragar nan kuwa tana kwance ne cikin wani tafkin jini da ya dawo daga hanci a sanyaye. Nan jinin ƙwaƙwalwa ke rage zafi. Mary Ann Baker da James Hayward na Amurka su suka auna wannan a tumaki a 1968. Da fari an ɗauka amfaninsa tsare ƙwaƙwalwa daga dahuwa ne kaɗai. Masu bincike na Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu sun nuna a 2007 da 2015 cewa tunkiya mai ƙishirwa ta fi yin amfani da shi, kuma tanadin ruwa ne: in haifotalamas ya ji sanyi-sanyi sai ya rage umurnin haki, ruwan jiki ya daɗe. An kuma lura cewa tsoro da guje-guje su kan ɓata wannan dabara, domin jijiyoyin tashin hankali su kan tsuke hanyar da jinin hanci ke bi zuwa tafkin. Ku dubi abin da mu ke yi a kara: a ja rago da ƙaho, a doke shi ya tashi don mai saye ya ga tsayinsa, yara su bi shi da sanda, babura na ratsawa, a haɗa shi da baƙon rago su yi ta karo ana dariya. Waɗansu kuma su ɗaure masa baki da igiya a mota wai don kada ya ci buhu. Hancin nan da bakin nan su ne randarsa.

Sai tumbi. Tumbin tunkiya tukunya ce da ke kan wuta dare da rana, ƙwayoyin halitta na dafa ciyawa a ciki, zafinsa ya kan ɗara na sauran jiki da digiri ɗaya ko biyu, ya kan kuma tsananta 'yan awoyi bayan cin abinci. Mai cika wa rago ciki da dusa da angurya da ƙarfe goma na safe, don ya yi kyan gani a kasuwa, ya hura masa wuta ta ciki daidai lokacin da ta waje za ta kama. Da bazara babban ci da yamma ya kamata ya zama, da kuma asuba. Motsin tumbi shi ma da umurnin asitilkolin a ke yinsa, sau ɗaya ko biyu a minti, kowa na iya jinsa in ya dafa kwiɓin hagu. Tsoro da zazzaɓi da tsananin zafi su kan tsai da shi. Mai saye da ya dafa kwiɓin nan minti biyu bai ji kome ba ya san akwai magana, ko da ragon ya kai girman maraƙi. Tunkiya kuma ta kan haɗiye yawu lita 6 ko fiye a yini, yawun nan na da sinadari mai aiki irin na kanwa, shi ke kashe tsamin tumbi. Ragon da ya bar tuƙa yana dalala a ƙasa ya yi asarar wannan, in aka bi shi da tsaba ko dusa mai yawa sai ciki ya yi tsami, gobe a ce an sayar wa mutum da mara lafiya.

Masu ajiye rago don barbara su ma su saurara. 'Ya'yan marainan rago sai sun fi jiki sanyi da digiri 4 ko 5 su ke yin iri mai kyau, shi ya sa su ke rataye a waje. Ƙwaƙwalwa na sa musu ido ƙwarai. Waites a Ostireliya ya nuna a 1962 cewa in aka ɗumama fatar marainan rago mai ulu ta haura digiri 36, sai ya kama haki ko da ɗakin ba zafi, har zafin jikinsa ya faɗi da kusan digiri 2. Ragon da ke kwance bisa siminti mai ƙuna ko ƙarfen mota, wurin nan ne ke manne da wutar. Irin rago kuwa kusan mako 7 ya ke ɗauka kafin ya nuna, saboda haka wanda rana ta gasa a Afrilu ya kan yi ta hawa har Yuni tumaki na dawowa ba ciki, mai garke na zargin matan. Tunkiya mai ciki ita ma, in zafi ya daɗe a kanta, jini ya kan karkata zuwa fata da hanci ya rage zuwa mahaifa, ta haifi ɗan da bai cika ba.

Yanzu maganar allura, wadda ita ta fi ci mini rai. Zazzaɓi daban, dukan rana daban, ko da ya ke ma'auni zai nuna adadi ɗaya. A zazzaɓi, cuta ce ke sa jiki ya yi wani sinadari, furostagilandin, wanda ke zuwa haifotalamas ya ɗaga ma'aunin da kansa. Dabbar sai ta ji ɗari, ta yi makyarkyata, gashi ya tashi, kunnuwa su yi sanyi, ta nemi rana. Maganin zazzaɓi aikinsa hana yin wannan sinadari. A dukan rana kuwa ma'aunin ƙwaƙwalwa na nan daidai, tana iyakar ƙoƙarinta, zafin waje ne ya fi ƙarfinta: kunnuwa da zafi, haki, neman inuwa. Babu abin da maganin zazzaɓi zai gyara a nan, balle allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ga shi kuma allurar nan mai daɗewa a jiki da a ke yawan yi, an rubuta a kwalbarta a dakata mako uku ko huɗu kafin a ci naman, mu kuwa sai a yi ta ran Talata a yanka ran Juma'a a raba wa maƙwabta. Wanda ya ke shakka ya auna zafin dabbar da asuba. In ya sauko, rana ce. In yana nan sama, ga majina ga zawo, a nemi malamin dabbobi.

Abin da ragon da rana ta buge ke bukata ba shi da tsada. A ɗauke shi zuwa inuwa, ɗauka fa, kada a ja shi. A kwance igiya. A zuba masa ruwa mai sanyi a wuya da ciki da ƙafafu da tsakanin cinyoyi, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ya riƙe tururi. A ajiye ruwa gabansa ya sha da kansa kaɗan-kaɗan. Ɗura ga dabbar da ke haki hanyar huhu ta ke bi.

Tun da mun ambaci asitilkolin, akwai wani abu da ke kama da dukan rana wanda ya kamata a rarrabe. Ɗan aiken nan da ya isar da saƙo a kan rushe shi nan take. Fiya-fiya da irin magungunan feshin gona da waɗansu ke wanke tumaki da su don kaska da ƙwarƙwata, aikinsu hana wannan rushewa ne, saƙon ya yi ta maimaituwa ba tsayawa: yawu kamar famfo, ƙwayar ido ta tsuke, zawo, fitsari, tsoka na rawa, numfashi na gurnani. Da zafi fata ta fi shan maganin, domin jini ya taru a ƙarƙashinta. Wannan yana da makari, allurar atirofin, amma a hannun malamin dabbobi, kuma da gaggawa.

Ɗari ma na da nasa, sai dai a wajenmu jarirai ya fi kamawa. Ɗan tunkiya ya kan zo duniya da wani kitse mai duhu a kewayen ƙoda, wanda noradirenalin ke kunnawa ya ba da ɗumi ba tare da makyarkyata ba. Guzuri ne na 'yan awoyi. Wanda aka haifa da asubar hunturu ko cikin ruwan Agusta, in bai bushe ya sha dakashi da wuri ba, guzurin ya ƙare ya yi sanyi ya mutu.

Na yi maganar rumfa da dillalai da dama, na kuma ji amsarsu. Sun ce tumakinmu 'ya'yan rana ne, Uda da Balami da 'Yankasa ba irin masu ulun Turai ba ne, kakanninmu ma a fili suka yi ciniki. Akwai gaskiya a ciki. Gajeren gashi mai fari, da dogayen ƙafafu, da manyan kunnuwan Balami da Uda da jini ke zagayawa a cikinsu ya sha iska, duk kayan zama a Sahel ne. Amma ku dubi tumakin Fulani a daji da azahar. In akwai gawo ko tsamiya suna ƙarƙashinta, in babu sai su taru kowace ta cusa kanta ƙarƙashin cikin 'yar'uwarta. Suna da 'yancin juyawa, ba su da kitse, sun saba da tafiya. Ragon turke kuwa a zaure ko a rumfa ya girma, an lulluɓe shi da kitse wanda ke riƙe zafi kamar bargo, girman jikinsa ya fi fatar da zai zubar da zafin ta cikinta, ran da aka fito da shi kasuwa ita ce ranarsa ta farko a tsakar rana. Mafi tsada a kara shi ne mafi saurin faɗuwa. Kakanninmu kuma kasuwanninsu a gindin itatuwa su ke ci, mu ne muka sare muka yi rumfunan kwano na masu shayi.

Sun ce kuma mai saye na son ganin dabba a haske. To, ai rumfar zana ba ɗaki ba ce, a fito da shi minti biyar a duba a mayar. Sun ce wa zai biya? Wannan ita ce tambayar gaskiya. Ba dabbar da ke shiga kara ko fita sai an karɓi kuɗi a kanta, ga na ƙaramar hukuma, ga na ƙungiya, ga la'ada. Ina ganin wanda ke karɓar kuɗi a kan kowane kai, wajibinsa ne ya tanadi inda kan nan zai fake da inda zai sha ruwa. Akawun da ke rubuta rasit ya fi kowa sanin abin da ke shigowa a makonni huɗu na kafin Salla, ya lissafa ya gani ko bai isa dirkoki da zana da kwamin ruwa biyu ba. In za a yi rumfar, a yi ta da tsawo, gefe a buɗe ta ko'ina, a rufa da zana ko bunu. Kwano maras tsawo tanda ne, in kuwa dole sai shi, a shimfiɗa kara a bisansa.

Masu motoci da fatake su ma da nasu: lodi da yamma, tafiya da dare, a rage kai ko da kuɗin mota zai hau, in an tsaya da rana a nemi inuwa a ba da ruwa. Ragon da ya mutu a Jebba ya cinye ribar goma da suka isa. Shugabannin kara kuma suna iya matso da cin kasuwa zuwa sassafe cikin watannin nan, yadda kafin azahar an watse.

Rumfar zana ta shekara ɗaya ce ko biyu, gara da iska za su ci ta. Abin da zai daɗe itace ne. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928 har ta rufe titunan Maiduguri, tana da saurin girma, ba ta kuma zubar da ganye duka da bazara. Wadda aka dasa da daminar bana, in an kewaye ta da ƙaya saboda awaki, aka sa wani yaro yana ba ta ruwa ranar kasuwa har rani biyu, za ta yi inuwar da za a ɗaure rago uku ko huɗu kafin Sallar 2030. Ana samun dashen a gandun gwamnati da wajen masu sayar da itatuwa a bakin hanya, kuma layi biyu a gefen yamma da kudu na filin sun isa a fara.